Doki 600 a takarda, 470 a kan kwalta

A cikin masu tseren mota na Amurka akwai wata tsohuwar zolaya da ake yi wa masu Toyota Supra ta shekarun 1990. Sai a tambaye ka: me ya haɗa Supra mai ƙarfin doki 400 da mai 600 da mai 800? Amsar ita ce, dukkansu cikin sakan goma sha biyu da ɗoriya suke cinye kwatan mil. Masu motar ba sa son jin wannan magana, amma sun kasa kashe ta, domin ido ya sha gani. Mutum ya zuba dukiya, ya cire ƙananan turbo biyun, wato na'urorin cusa wa inji iska, da kamfani ya sa wa injinta mai suna 2JZ, ya ɗora guda ɗaya mai girman ƙwarya, ya kai motar ɗakin gwaji, na'ura ta buga masa lamba mai tayar da tsikar jiki. Ranar Juma'a da daddare ya je fili, wata motar da ba ta kai rabin lambarsa ba ta wuce ta bar shi yana ƙona taya a bakin layi.

Takarda biyu ke hannun irin wannan bawan Allah. Ɗaya daga daino ta fito, wato na'urar da ake ɗaure mota a kanta a auna ƙarfin da take fitarwa. Ɗayar kuma 'yar siririya ce kamar rasidin kanti, wadda ake miƙo wa direba ta taga bayan ya gama tseren miƙe na kwatan mil, ƙafa 1,320, wato mita 402. Gardamar wacce ta fi gaskiya ta girmi yawancin masu yin ta. Abin da na fahimta shi ne kowace da tambayar da take amsawa, kuma a jikin 'yar siririyar akwai lamba guda da ta fi duk sauran wuyar murɗewa, sai dai ba ita mutane suka fi kallo ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin daino ya san yadda abin yake. A turo mota a ɗora tayoyinta kan wata ƙatuwar gangar ƙarfe da ke binne a ƙasa, a ɗaure ta gaba da baya tamau kamar za a ka da sa, a buɗe bonet, a kafa fanka a gaban lagireto. Mai saiti ya shiga da kwamfuta a cinya, ya kai giya ta huɗu, ya take totur har ƙasa. Ƙara ta cika ɗakin, mota na fizgar igiya ba ta zuwa ko'ina. Sakan shida, bakwai, ya ɗaga ƙafa. Kowa ya juya ga allo, mai motar ya riga ya zaro waya zai ɗauki hoto.

To me aka auna a cikin sakan bakwai ɗin nan? A dainon da ya fi shahara a Amurka, na kamfanin Dynojet, irin na asali, babu abin da ke riƙe tayar sai nauyin gangar kanta. An san nauyinta, an san faɗinta. Abin da na'urar ke ƙirgawa shi ne yadda gangar ke ƙara gudu daga wannan ƙiftawa zuwa waccan, sauran kuma lissafi ne. Shi kansa "doki" ma'auni ne na yarjejeniya, kimanin wat 746, wanda James Watt ya tsara don ya nuna wa masu aiki da dawaki adadin dabbobin da injin tururinsa zai hutar. A mota, ana samunsa ne in aka ninka ƙarfin murɗawar inji, a ma'aunin fam-ƙafa, da yawan juyinsa a minti, aka raba da 5,252.

Akwai labarin da mujallar Hot Rod ta bayar game da wanda ya kafa Dynojet, Mark Dobeck, wanda ya kamata duk mai alfahari da takardar daino ya sani. Lokacin da suke haɗa na'urarsu ta farko, ta babura ce, sai suka gwada ta da Yamaha V-Max na 1985, babur ɗin da kamfaninsa ya ce yana da doki 145. Lissafi tsantsa ya ba su wajen 90. Sauran na'urorin da ke kasuwa kuwa wajen 120 suke nunawa. Dobeck ya san babu mai sayen na'urar da za ta riƙa kunyata abokan ciniki, sai ya sa aka daidaita lissafin har V-Max ya nuna 120. Ba zargin ha'inci nake yi ba, kowane ma'auni sai an kafa shi a kan wani abu. Amma daga nan mutum zai gane cewa lambar da ke allo ba daga sama ta sauko ba.

Wanda ya saba da kasuwar hatsi ba zai yi mamakin wannan ba. Tiyar wannan gari ba ita ce ta wancan ba, kwanon awon wata kasuwa ya fi na wata zurfi, kuma ko a layi ɗaya akwai mai cikawa har tsororo, akwai mai shafe baki. Haka daino yake. Na kamfanin Mustang, da Dyno Dynamics na Ostireliya, suna da birkin lantarki da ke riƙe gangar, ana iya sa wa mota nauyi irin na titi, har ma a shigar da nauyinta da yadda iska ke tokare ta. Dynapack na New Zealand kuma cire tayar ake yi gaba ɗaya a ɗaura na'urar a inda taya ke zama, don haka batun sulɓin taya a kan ganga bai ma taso ba. Mota ɗaya, rana ɗaya, ta zagaya waɗannan, lamba uku ko huɗu za ta kwaso, kuma tazarar kashi goma cikin ɗari ko fiye ba baƙon abu ba ce. Masu harkar har laƙabi suka yi wa masu rowar lamba, suna ce musu "mai karya zuciya". Gareji mai son yabo ya san irin wanda zai saya.

Ga mota mai turbo, bambancin ya wuce na awo kawai, domin na'urar tana canza halin injin da take aunawa. Turbo hayaƙin salansa ne ke juya shi, hayaƙi mai yawa da zafi kuwa sai inji na jan kaya yake samuwa. In gangar ba ta yi wa motar nauyi ba, injin zai haye juyinsa da sauri ya wuce kafin turbon ya cika, sai zanen ya nuna ƙarfin ya makara. In aka riƙe shi da birki aka ja gwajin ya yi tsawo, matsin iska zai zo da wuri, murɗin tsakiya ya kumbura, amma zafi ma ya taru. Giyar da aka zaɓa, iskar da ke cikin taya, yadda aka tamke igiya, inda aka kafa fanka, duk suna da hannu.

Sai babbar ƙofar ɓarna, wadda ita ce ta fi cin masu turbo: gyaran yanayi. Inji iska yake shaƙa, kuma iskar sanyi a bakin teku ta fi ta zafi a kan tsauni kauri. Don a iya kwatanta gwajin Janairu da na Yuli, sai injiniyoyi suka tsara a riƙa mayar da kowane sakamako kan wani yanayi na misali. Ƙa'idar J1349 ta ƙungiyar injiniyoyin mota, SAE, ta ɗauki zafin digiri 25 da matsin busasshiyar iska kilofaskal 99. Tsohuwar ƙa'idar da ake rubuta wa STD a takarda ta ɗauki iska mai sanyi da kauri fiye da haka, digiri 15.6 da matsin bakin teku, saboda haka lambarta takan ɗara ta SAE da wajen kashi huɗu cikin ɗari. Mota mai doki 500 ta samu kyautar 20 ke nan daga danna maɓalli ɗaya, ba a taɓa ko fulogi ba.

Wannan ma ƙarami ne. An gina lissafin gyaran ne a kan injin da ke zuƙar iska da kansa, wanda ke asarar kusan kashi uku cikin ɗari a duk hawan ƙafa dubu. A yankin Denver ta jihar Colorado, inda tsohon filin tsere na Bandimere yake a tsayin ƙafa wajen 5,800 kafin a rufe shi a 2023, ko a Johannesburg mai tsayin mita 1,750, irin wannan inji yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar ko shida na ƙarfinsa, kuma daidai ne lissafi ya mayar masa. Amma turbo aikinsa ke nan, cusa iska. In iskar waje ta yi siriri, sai ya ƙara juyi ya cike yawancin giɓin, musamman a motocin zamani da ƙwaƙwalwar injin, wadda makanikanmu ke kira biren-bos, ke bin wani adadin matsi da aka sa mata ko ana ha-maza-ha-mata. A ce mota tana da doki 500 na gaskiya a bakin teku, aka kai ta tsauni ta sauko zuwa 465. Na'ura ba ta san da turbo ba, sai ta ninka da 1.2 kamar yadda za ta yi wa kowa. Takarda ta fito da kusan 560. Dawakai sittin ɗin nan babu su a tsauni, babu su a bakin teku, a takarda kaɗai suke kiwo. Ita kanta ƙa'idar SAE ta ce injin da ke riƙe matsinsa da kansa ba a yi masa gyaran matsin iskar waje, amma maɓallin na nan a kwamfuta, kuma babu mai hana a danna.

Wanda ya yi niyyar cuta kuwa hanyarsa a buɗe take. Ya isa ya ajiye ma'aunin zafin ɗakin kusa da salansa ko bayan lagireto. Na'ura ta ɗauka ana zafin digiri 50, ta tausaya wa injin ta ƙara masa lamba. Shi ya sa in aka nuna mini takardar daino, kafin in kalli lambar sama sai na duba ƙananan rubutun ƙasa: wace ƙa'ida, nawa ne abin ninkawa, wane zafi aka rubuta. In abin ninkawar ya yi nisa da 1.00 a mota mai turbo, lambar da ba a gyara ba nake nema.

Batun "a taya ko a inji" ba zan daɗe a kansa ba. Kamfani a inji yake faɗar ƙarfi, daino a taya yake aunawa, tsakaninsu giyabos da farfela da aksul sun ci rabonsu. Al'ada ta sa ana cewa kashi 15 cikin ɗari, mai jan ƙafa huɗu fiye da haka. Ƙiyasi ne na bakin gareji, kuma babu dalilin da zai sa giyabos ɗin da ke cin doki 45 a mota mai 300 ya koma cin 135 don an kai ta 900. Duk wanda ya ce maka "700 a inji" alhali bai taɓa sauke injin ya gwada shi shi kaɗai ba, raba lamba ya yi da wata lambar da ya zaɓa wa kansa. Kamfanonin ma ba waliyyai ba ne: daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2004 kamfanonin Japan sun yi yarjejeniyar baka cewa ba mai tallata fiye da doki 280 a gida, sai ga Skyline GT-R da Supra da Lancer Evolution duk sun tsaya cak a 280 a takarda, kowa kuma ya san wasu sun haura.

Mu koma fili. Direba ya ratsa ɗan ruwan da aka zuba, ya juya tayoyin baya har hayaƙi ya turnuƙe don robar ta yi zafi ta yi danƙo, sannan ya lallaɓa zuwa layi. Kwaltar wurin an fesa mata wani sinadari mai kama takalmi, in ka taka sai ka ji tana neman cire maka shi. Tayar gaba ta katse hasken farko, ta katse na biyu, fitilu masu ruwan ɗorawa suka sauko, kore ya kama. Agogo ba ya fara ƙirga sai tayar ta bar hasken, saboda haka ko direba ya yi gyangyaɗi bayan kore, wannan zai sa a riga shi isa ne kawai, ba zai shiga lokacin tafiyarsa ba. A takardar za ka ga lokacin ƙafa 60 na farko, na 330, na 660 wato rabin hanya, na 1,000, na 1,320, sannan gudun da motar ke yi a ƙarshe, wanda ake aunawa a cikin ƙafa 66 na bakin layi.

Jama'a lokacin suke tambaya: sakan nawa ta yi? Amma lokaci ya rataya ne a kan tashin farko. Yana hannun taya, da danƙon kwalta, da ƙafar direba a kan kuloci. Masu tsere suna da ƙiyasin cewa duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a ƙafa 60 na farko, za ka same shi ninki ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshe. Mota mai jan ƙafa huɗu ta tashi a 1.6, mai jan gaba da tayar titi ta yi ta kururuwa a 2.3, an gama magana tun ba a je ko'ina ba, ko da ƙarfinsu ɗaya. Nan ne asirin zolayar Supra yake.

Gudun bakin layi kuwa wani abu ne daban. Motar da ta tsaya tana sulɓi a farko ta ɓata lokaci, amma ba ta ɓata hanya ba, domin tana nan kusa da inda ta tashi. Da tayar ta kama, kusan duk mita 400 ɗin na gabanta, injin zai yi aikinsa a kansu. Shi ya sa direba ɗaya zai yi zagaye biyar, lokacinsa na yawo tsakanin 11.8 da 12.6, gudun ƙarshe kuwa bai motsa da fiye da mil ɗaya ko biyu ba. Wannan lamba tana gaya maka yawan aikin da injin ya yi a kan nauyin motar daga farko zuwa ƙarshe. Supra mai 800 ɗin nan da aka yi wa dariya, in ka duba takardarta za ka ga sakan 12 ne, amma ta tsallake layi da gudun da mai 400 ba za ta taɓa mafarkinsa ba.

Tun a shekarun 1950 wani marubuci injiniya, Roger Huntington, ya lura da wannan alaƙa ya fitar mata da lissafi. Geoffrey Fox ya gyara shi, daga baya Patrick Hale ya fito da wanda aka fi amfani da shi yau. Ga yadda yake: ka raba gudun bakin layi, a mil cikin awa, da 234. Abin da ya fito ka ninka shi da kansa, ka sake ninkawa da shi. Sannan ka ninka da nauyin mota haɗe da direba, a fam. A ɗauki mota mai fam 3,500, kusan kilo 1,590, da ta tsallake layi a mil 120, wato kilomita 193 a awa. 120 a raba da 234 ya ba da 0.513, a ninka sau uku ɗin ya koma 0.135, a ninka da 3,500 ya ba da doki 472. In mai wannan mota yana yawo da takardar 600, to da sauran bayani, domin 600 a wannan nauyi mil 130 ya kamata ya kawo. Kuma lissafin ƙarfin inji yake nufi, ba na taya ba, wanda ya ƙara faɗaɗa ramin.

Sai dai a yi hattara da wannan ninki uku, kaifi biyu gare shi. Ƙarin ƙarfi na kashi goma cikin ɗari ba ya ƙara gudun ƙarshe sai da kashi uku da ɗan abu, mil huɗu ke nan a kan 120. Ninka ƙarfi biyu ma kashi 26 kawai yake kawowa. Ma'ana, kuskuren mil biyu a gudu ya zama kuskuren doki ashirin da wani abu a lissafi, haka ma in aka yi ƙiyasin nauyi da ka ba a hau sikeli ba. Wannan lissafi yana kama ƙaryar doki ɗari, amma ba zai raba gardamar doki goma sha biyar ba.

Wani lokaci takardun biyu sukan haɗa baki, su ƙaryata na uku, wato kamfani. Da Toyota ta dawo da Supra a 2019, wadda ake kira ƙirar 2020, da injin B58 na BMW, ta ce doki 335 ne a inji. Mujallar Car and Driver ta ɗora ta a daino ta samu 339, a taya. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa na'urar ce mai kyauta. Amma a gwajin kwatan mil na mujallar motar ta yi sakan 12.3 a gudun mil 113. Nauyinta wajen fam 3,400 ne, da direba a ce 3,570. Ka sa a lissafin Hale, kusan 400 zai ba ka. Shaidu biyu da ba su san juna ba sun nuna wuri ɗaya: motar ta fi abin da aka rubuta mata. Shekara ɗaya bayan haka, da aka yi wa injin 'yan canje-canje, Toyota ta rubuta 382.

To in ba su haɗa baki ba fa, kuma babu wanda ya yi maguɗi? Nan ne abin ya fi daɗin bincike, domin saɓanin kansa labari ne. Abu na farko, daino ƙololuwa yake ba ka, fili kuwa matsakaici yake biya. Turbo mai girman ƙwarya zai iya kai doki 600 a juyi 7,000, amma a 5,000 bai wuce 350 ba. Duk canjin giya, juyin injin ya faɗo, direba ya ɗaga ƙafa, matsin iska ya zube, sai an jira ya sake cika. Canji uku a giyar hannu, kowanne da 'yar mutuwarsa. Wata motar mai ƙaramin turbo da ba ta wuce 520 ba, amma tana riƙe da shi tun daga 4,000, ga giya mai canza kanta ba tare da an saki totur ba, za ta tara aiki fiye da waccan a mita 402. Wanda ya iya karatun takardar daino faɗin tudun yake kallo a tsakanin juyin da motar za ta zauna a ciki, ba tsinin ba.

Na biyu zafi, kuma shi ne babban ɓarawo. Iskar da turbo ya matse zafi take yi, shi ya sa ake bi da ita ta wani lagireto na iska, intakula, kafin ta shiga inji. Gwajin daino na sakan bakwai, bayan an bar mota ta huce, ƙarfen intakula mai sanyi ne ke shanye zafin, ko da ya yi wa injin ƙanƙanta. A fili kuwa motar ta yi rabin awa a layin jira inji na aiki, ta ƙona taya, sannan ta yi sakan goma sha biyu totur a ƙasa. Kafin giya ta huɗu iskar ta yi zafi, fetur ya fara fashewa da kansa a lungun silinda kafin wutar fulogi ta iso wurin. Ƙwaƙwalwar injin ta ji wannan ƙwanƙwasa, sai ta jinkirta tartsatsin fulogi, ta ƙara mai, wani lokaci ta rage matsi, don kada fistin ya narke. Direba ba zai ga fitila ko ɗaya ta kama ba. Abin da zai gani shi ne gudunsa a rabin hanya ya yi kyau, amma ƙarin da ya samu daga nan zuwa ƙarshe ya yi kaɗan. Ga kuma famfon mai da ke iya ciyar da gwaji ɗaya amma ya gaza a dogon ja, da kulocin da ke riƙewa a ganga ya sulɓe a kwalta mai danƙo, da motocin da kamfani ya sa ƙwaƙwalwarsu ta rage murɗi a giya ta ɗaya da ta biyu don kare giyabos, abin da gwajin giya ta huɗu ba zai taɓa nunawa ba.

Akan samu akasin haka ma. Babu fankar gareji da ke hura iskar da mota ke sha a gudun kilomita 190, saboda haka motar da ke da intakula mai kyau, aka yi mata gwaji biyar a jere a ɗaki mai zafi, tana iya nuna lamba mai kunya sannan ta je fili ta ba kowa mamaki.

Kada kuma a ɗauka fili ba ya ruɗi. Shi ma iska yake sha. Masu tsere suna haɗa zafi da matsi da laima su fitar da lamba ɗaya, su ce iskar yau kamar ta tsayin ƙafa kaza ce. A filayen gabashin Amurka da ke dab da teku, daren Nuwamba yakan ba da iskar da ta fi ta misalin bakin teku da ake lissafi da ita kauri, kuma a irin waɗannan darare ake kafa yawancin lambobin da ake taƙama da su a intanet. Motar nan a Yuli ba za ta maimaita ba. A Bahrain da Abu Dhabi, inda ake da filaye na zamani, lokacin sanyi da dare ake harkar. Iskar baya tana ƙara gudu, ta gaba tana ragewa. An cire kujeru da tayar safiya, an zuba fetur na tsere ko mai haɗin etanol na E85, duk ba a rubuta su a 'yar takardar. 'Yan na'urorin GPS irin su Dragy sun sa kowa na iya auna kansa, har gangaren hanya suna nunawa, sai dai titin gari ba shi da katangar kariya, yana kuma da awaki da masu babur.

Ko a ƙololuwar wasan haka ake fama. Motocin Top Fuel, manyan motocin tseren miƙe na hukumar NHRA ta Amurka, waɗanda tun bayan rasuwar direba Scott Kalitta a hatsarin tsere a 2008 aka rage musu tsere zuwa ƙafa 1,000, suna cinye shi cikin ƙasa da sakan huɗu a gudun da ya haura mil 330. Ba turbo gare su ba, kuma babu dainon da ke iya riƙe su, don haka shekara da shekaru daga nauyi da gudu ake ƙiyasta ƙarfinsu, ana cewa 8,000 zuwa 10,000. Sai a 2015 aka ɗaura wa ɗaya ma'aunin murɗi a jikinta tana cikin tsere, ya nuna sama da 11,000.

Duk da abin da na faɗa, ba zan ba mota ta ga mai saitin da ba shi da daino ba. Amfaninsa na gaskiya shi ne kwatanta mota da kanta: na'ura ɗaya, rana ɗaya, giya ɗaya, kafin a taɓa da bayan an taɓa. In ta shiga da 300 ta fito da 360, wannan kashi ashirin ɗin gaskiya ne, ko kwanon awon mai zurfi ne ko marar zurfi. A nan ne kuma za a iya tsayar da inji a juyi ɗaya a saurare shi, a ga inda ƙarin tartsatsi ya daina kawo ƙarfi, abin da ba ya yiwuwa a gudun kilomita 190. Inda aka ɓata shi ne ɗaukar lambar wani gareji a Texas a kara da ta wani a Dubai.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska guda. Motocin turbo na shigowa da yawa yanzu, wasu an riga an yi musu saiti a can, mai sayarwa ya turo hoton takardar daino a waya. Saitin nan galibi an yi shi ne a kan fetur mai lamba 98 na Turai ko 93 na Amurka, wanda kusan abu ɗaya ne a ma'auni biyu, a ɗaki mai digiri ashirin da wani abu. Fetur ɗin gidajen manmu kala ɗaya ne kuma bai kai nan ba, ga Kano ko Sakkwato a watan Afrilu digiri 40 ba labari ba ne. Ƙwaƙwalwar injin za ta yi ta janye tartsatsi tana kare kanta iya ƙarfinta, in kuma mai saitin ya toshe mata kunne don lamba ta yi kyau, sai a nemi injin Kwatano.

Shi kuwa mutuminmu mai takardar 600 da gudun mil 120, aikin da ke gabansa a bayyane yake. Ya hau sikeli da motar, shi ma yana ciki. Ya nemi lambar daino da ba a gyara ba. Ya sa kwamfuta ta naɗi bayanan injin a tsere guda cikakke: zafin iskar da ke shiga, matsin turbo, matsin mai, da yawan tartsatsin da ake janyewa a kowace giya. Sau da yawa maganin yakan zama intakula mai girma da ɗan rage matsi, wani lokaci har da sauya turbon da wanda bai kai shi girma ba. Ba abin mamaki ba ne bayan haka daino ya nuna masa 550, ya koma fili ya tsallake layi a mil 128. Hoton da zai sa a Instagram ya ragu da doki hamsin.